Juriya ko Ganganci? Yadda Jikin Ɗan Dambe Yake Warkewa Bayan Rauni

Gabatarwa

Idan kaka ta yi, aka girbe gero da dawa aka kai rumbu, a lokacin ne kiɗan kalangu kan tashi a dandalin garuruwa da ƙauyukan ƙasar Hausa, samari su naɗa hannu su fito neman suna. Yankin Kankiya da Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina, yana cikin wannan tsohuwar al'ada, kuma da wuya a sami ɗalibin sakandare a can wanda bai taɓa kallon dambe ba, ko a fili ko a wayar hannu. Ta wayar ce kuma matasa suka san wani wasa na ƙasashen waje, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji guda. Shi ne damben gauraye, wanda aka fi sani da MMA.

A wasannin nan biyu babu halin da ake yabo kamar juriya. Wanda ya sha duka bai ja da baya ba, ko wanda ya shiga fili da rauni ya fito da nasara, shi makaɗa kan wasa, shi kuma 'yan kallo kan yi wa liƙi. Sai dai jikin ɗan Adam yana da nasa ƙa'idoji na warkewa, kuma kirari ba ya sauya su. Wannan maƙala za ta bi tarihin wani shahararren ɗan damben gauraye daga maƙwabciyarmu Kamaru, wato Francis Ngannou, domin a ga abin da ke faruwa ga jijiya da ƙashi da ƙwaƙwalwa idan suka sami rauni, da tsawon lokacin da kowannensu ke bukata kafin ya murmure. Da wannan sani ne mai karatu zai iya rarrabe juriya da ganganci.

Dambe da Damben Gauraye

Damben gargajiya tun asali wasa ne na mahauta, ko da yake a yau kowa na yi. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, ya bi shi da zare har ya yi tauri. Wannan hannu shi ne mashi, ɗayan kuma da ake miƙawa gaba a buɗe shi ne garkuwa. Ana yin turmi uku, an yarda a yi shuri da ƙafa, kuma duk wanda ya kai ƙasa sai a ce an kashe shi. Sunayen Shago da Ɗandunawa sun wanzu har yau albarkacin waƙoƙin Ɗan'anace, sa'an nan gidajen dambe na Kano da na Dei-Dei a Abuja sun mai da wasan sana'a ta kullum, ba sai da kaka ba.

Damben gauraye kuwa ya bunƙasa ne bayan da aka fara gasar UFC a Amurka a shekarar 1993. Kowane turmi minti 5 ne, ana yin turmi 3, ko 5 idan karawar ta neman kambu ce. Ana sa 'yar ƙaramar safar hannu wadda nauyinta ya ɗan haura giram 100, ana raba 'yan wasa bisa nauyinsu, kuma likita yana zaune a gefen keji domin duba wanda ya ji rauni. Duk da bambancin dokoki, sassan jikin da ke shan wahala iri ɗaya ne a wasannin biyu: hannun da ke kai duka, gwiwar da ke ɗauke da jiki lokacin juyi da shuri, da kuma kan da ke karɓar dukan.

Daga Ramin Yashi zuwa Kambun Duniya

An haifi Francis Ngannou a shekarar 1986 a garin Batié da ke yammacin Kamaru. Iyayensa sun rabu tun yana ɗan shekara 6, kuma yana da kimanin shekara 10 ya fara aikin haƙar yashi domin ya sami kuɗin makaranta. Daga baya sai ya bar gida da burin zama ɗan damben boksin a Turai. Ya ratsa ta Nijeriya da Nijar, ya ƙetare hamadar Sahara zuwa Aljeriya, ya isa Maroko, inda ya yi watanni yana ɓuya a daji yana neman hanyar haye teku. A shekarar 2013 ya sami shiga Sifen a kwalekwalen roba, aka tsare shi wata 2 saboda shiga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba. Daga nan ya wuce Faris, babban birnin Faransa, ya yi ta kwana a wurin ajiye motoci kafin masu horarwa su karɓe shi su koya masa damben gauraye. Ya kamata ɗalibai su sani cewa wannan hanya ta hamada da teku ta ci rayukan dubban matasa, kuma shi yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira har suka yi suna.

Ya shiga gasar UFC a ƙarshen shekarar 2015. A watan Janairu na 2018 ya nemi kambun ajin masu nauyi a hannun Stipe Miocic, ya sha kaye. Ya koma ya gyara kokawarsa, a watan Maris na 2021 suka sake karawa, ya sumar da Miocic a turmi na biyu, ya zama zakaran duniya.

Karawar da ta fi jan hankalinmu a nan ita ce ta ranar 22 ga Janairu, 2022, tsakaninsa da Ciryl Gane na Faransa. Kimanin mako 3 kafin ranar, Ngannou ya ji rauni a gwiwa wurin atisaye. Bincike ya nuna jijiya ɗaya ta tsinke gaba ɗaya, wata kuma ta lalace. Likita ya gargaɗe shi cewa yana iya yi wa gwiwar lahani na dindindin, duk da haka ya shiga. Da ya ga ba zai iya bin abokin karawarsa a tsaye ba, sai ya koma kokawa a turmi 3 na ƙarshe, alƙalai suka ba shi nasara. Wannan shi ne ɓangaren labarin da kowa ya sani. Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne, a watan Maris na shekarar aka yi masa tiyata, kuma bai sake shiga wata karawa ba sai a watan Oktoba na 2023, wato bayan wata 21. Saɓanin kwantiragi da ya sa ya bar UFC ya ƙara tsawon wannan lokaci, amma yawancin shekarar 2022 jinya ce ta cinye ta. Domin mu fahimci dalili, sai mu leƙa cikin gwiwa.

Jijiyar Gaɓa

Kalmar jijiya a Hausa ta ƙunshi abubuwa daban-daban. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki, akwai kuma farar jijiya mai tauri wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi a wurin gaɓa. Wannan ta ƙarshe ita muke nufi, kuma kowane mahauci ya san ta, domin a kanta wuƙa ke cijewa idan ana raba gwiwar sa. An gina ta ne da zaruruwan wani sinadari mai suna kolajin, waɗanda suka jeru kamar igiyar rama da aka tufka.

Manyan jijiyoyi 4 ne ke riƙe gwiwa. Biyu suna gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna hana gwiwa karkacewa. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna kamar alamar sau ta lissafi, suna hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ko baya. Ta gefen ciki ce ta tsinke wa Ngannou, ta gaba daga cikin masu gittawa kuma ta lalace.

Mai karatu ya lura da launi. Tsoka ja ce, kuma jini yana ratsa ta ta ko'ina; jijiya kuwa fara ce, jinin da ke isa gare ta kaɗan ne. Jini shi ne ke kawo iskar oksijin da abinci da ƙwayoyin halittar da ke aikin gyara, don haka duk inda ya yi ƙaranci, gyara kan yi jinkiri. Shi ya sa ƙaramin ciwon tsoka kan warke cikin mako 2 ko 3, alhali jijiyar gefe da ta tsinke kan ɗauki mako 6 zuwa 12. Ita kuwa jijiyar tsakiya matsalarta ta fi haka, domin tana cikin ruwan gaɓa mai santsi wanda ke hana gudan jini tsayawa ya haɗa bakunan da suka rabu, saboda haka da wuya ta haɗe da kanta. Abin da likitoci kan yi shi ne su yanko wani yanki na agara, su huda ƙasusuwan biyu, su zura shi a madadin jijiyar da ta lalace. Sabuwar jijiyar tana bukatar watanni kafin jini ya shige ta ta yi ƙwari, kuma yawanci ba a barin ɗan wasa ya koma fili sai bayan wata 9 zuwa 12 na gashi da motsa jiki sannu a hankali.

Wanda ya ci gaba da wasa da tsinkakkiyar jijiya, gwiwarsa za ta riƙa gocewa, kowace gocewa kuma tana cin guringuntsin da ke shimfiɗe tsakanin ƙasusuwa. Guringuntsin gaɓa ba shi da jijiyar jini, don haka abin da ya zaizaye ba ya dawowa yadda yake. Ƙarshen al'amarin shi ne amosanin gaɓa tun mutum bai tsufa ba. Ga manomin da ke duƙawa da fartanya, ko mahaucin da ke yini a tsaye, wannan toshewar hanyar abinci ce.

Ƙashi da Yadda Yake Haɗewa

Saɓanin abin da wasu ke zato, ƙashi abu ne mai rai, mai jini da ɓargo. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma kowane hannu guda, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yana ɗauke da 27. Ƙasusuwan bayan hannu sirara ne, wanda ya fi karyewa wurin naushi kuwa shi ne na tushen ƙaramin yatsa, har likitoci suka raɗa wa wannan rauni suna karayar ɗan dambe. Naɗin zare yana ƙara wa duka illa a jikin wanda aka buga, domin ƙarfin yana taruwa ne a ƙaramin wuri mai tauri. Amma gwargwadon ƙarfin da mashi ya sauke a kan abokin karawa, daidai shi ne ke komawa cikin hannun mai dukan, kamar yadda dokar Newton ta uku ta bayyana.

Idan ƙashi ya karye, matakin farko shi ne jini ya taru ya daskare, wurin ya kumbura. Cikin mako 2 zuwa 3 sai wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya haɗa bakunan biyu. Daga nan ma'adinin kalsiyam ya fara zama a cikinsa yana taurara shi, har ya zama ƙashi tsakanin mako 6 zuwa 12, gwargwadon girman ƙashin da shekarun mutum. Mataki na ƙarshe, wanda kan ɗauki watanni ko ma shekaru, shi ne jiki ya riƙa sassaƙe tudun da ya fito yana mai da ƙashin siffarsa ta asali. Wani likitan Jamus mai suna Julius Wolff ya bayyana a shekarar 1892 cewa ƙashi yana ginuwa ne daidai da nauyin da ake ɗora masa, kuma wannan ne dalilin da ya sa atisaye a hankali ke ƙarfafa shi. Matsalar ita ce zafi yakan ragu tun ɗorin yana ɗanye. A nan ne da yawa kan ruɗu su sake naɗa hannu, ƙashin ya sake ɓallewa ko ya haɗe a karkace.

Masu ɗorin gargajiya sun daɗe suna hidima a garuruwanmu, kuma ginshiƙin aikinsu, wato daidaita ƙashi da hana shi motsi, daidai yake. Haɗarin yana wurin matsanancin ɗauri da karare a kan gaɓar da ba ta gama kumbura ba. Idan jini ya kasa wucewa, nama yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i, har ta kai ga yanke hannu. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina ji, ko zafi ya yi ta ƙaruwa bayan ɗori, to a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti.

Me Ya Sa Ba a Jin Zafi a Fili?

Sau da yawa akan ga ɗan dambe ya gama turmi uku da karyayyen yatsa bai sani ba, sai ya koma masauki zafi ya taso masa. Wasu kan danganta haka ga laya ko tsaga. Bayanin kimiyya shi ne, idan mutum ya shiga halin tsoro ko fafatawa, wasu 'yan ƙulli biyu da ke zaune bisa ƙoda suna zuba sinadarin adirenalin a cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, jini ya karkata zuwa tsoka, hankali ya tattaru a kan abokin karawa. A lokaci guda kuma jiki yana sakin sinadaran endofin, waɗanda ke dushe saƙon zafi kafin mutum ya ji shi sosai. Kiɗa da ihun 'yan kallo suna ƙara iza wannan yanayi. Raunin yana nan daram, saƙonsa ne kawai ya yi jinkiri.

Zafi ɗan aike ne, aikinsa shi ne ya hana mutum taka ƙafar da ta lalace. Wanda ya sha ƙwaya irin su tiramadol domin ya shiga fili ya kori ɗan aiken ne kawai, ɓarnar kuwa tana ci gaba. Bugu da ƙari, wannan ƙwaya tana kama mutum ya kasa bari, tana kawo jiri da kasala, kuma yawanta na haddasa jijjiga irin ta farfaɗiya. Hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta ta a lokacin gasa tun daga farkon shekarar 2024.

Ƙwaƙwalwa

A watan Oktoba na 2023 Ngannou ya dawo ta damben boksin, ya kara da Tyson Fury a Riyad ta ƙasar Saudiyya, har ya kai shi ƙasa a turmi na uku, ko da yake alƙalai sun ba Fury nasara. A watan Maris na 2024 kuwa Anthony Joshua na Ingila, wanda ke da asali da Nijeriya, ya kai shi ƙasa sau 3, na ƙarshe ya bar shi a sume a turmi na biyu. Shin me ke faruwa a cikin kai a irin wannan lokaci?

Ƙwaƙwalwar baligi tana da nauyin kimanin kilo 1.4, laushinta kuwa ya yi kusa da na ɗanyar awara. Tana zaune ne a cikin ƙoƙon kai, ruwa kaɗan ya kewaye ta. Idan duka ya sauka a haɓa ko muƙamuƙi, kai yakan juya da sauri, ƙwaƙwalwar kuma ta biyo baya a makare, ta murɗe, ta bugi bangon ƙoƙon. Siraran zaruruwan da ke haɗa ƙwayoyinta sai su miƙe fiye da kima, saƙonni su rikice, mutum ya ga duhu, ƙafafu su saki. Wannan shi ake kira girgizar ƙwaƙwalwa. Ba lalle sai an suma ba, hasali ma mafi yawan masu wannan rauni ba sa suma. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mance abin da ya faru, da ƙin haske duk sun isa alama.

Yawancin manya kan murmure cikin mako 2, yara da matasa kuwa kan kai mako 4. A tsawon wannan lokaci ƙwaƙwalwa ba ta da ƙarfin jure wani dukan, kuma duka na biyu, ko da bai kai na farko ba, yana iya sa ta kumbura har a rasa rai. Matasa ne wannan ya fi samu. Saboda haka ne hukumomin dambe ke dakatar da wanda aka sumar na kwana 30 zuwa 90, wani lokaci ma fiye. Ngannou bai sake karawa ba sai bayan wata 7. Mai karatu ya kwatanta wannan da ɗan damben da aka kashe yau da yamma, gobe ya sake naɗi domin ya rama.

Akwai kuma haɗarin zubar jini a cikin ƙoƙon kai. Mutum yana iya farfaɗowa ya yi magana lafiya lau, bayan 'yan sa'o'i jinin da ke taruwa ya danne ƙwaƙwalwa. Yawan amai, ciwon kai mai ƙaruwa, nauyin barcin da ba a iya tashin mai shi, jijjiga, mutuwar ɓarin jiki, ko baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, duk alamu ne na gaggawa.

Ɓarna ta uku a hankali take taruwa. A shekarar 1928 wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya yi bayanin tsofaffin 'yan dambe masu tangaɗi da rawar hannu da nauyin baki kamar waɗanda suka bugu. A shekarar 2002 kuma wani likita ɗan Nijeriya, Bennet Omalu, wanda ya yi karatu a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ya binciki ƙwaƙwalwar wani mamaci, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, a birnin Pittsburgh, ya tarar wani sinadari mai suna tau ya taru a cikinta ba bisa ƙa'ida ba. Ya wallafa sakamakon a shekarar 2005. Masana sun danganta wannan cuta da maimaita dukan kai shekara da shekaru. Ƙashi yana haɗewa, jijiya ana dasa wata, amma galibin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da suka mutu ba sa samun madadi, kuma har yau cutar ba ta da magani.

Raunin Zuci

A watan Afrilu na 2024, makonni kaɗan bayan kayen da ya sha, ɗan Ngannou mai wata 15 da haihuwa ya rasu. Ya dawo fili ranar 19 ga Oktoba na shekarar a Riyad, ya doke Renan Ferreira na Barazil a turmin farko, ya fashe da kuka yana ambaton yaron.

Baƙin ciki da talauci da fargaba ba a zuci kaɗai suke tsayawa ba. Doguwar damuwa tana sa jiki ya yawaita sinadarin kotisol, wanda ke raunana garkuwar jiki yana kuma jinkirta gyaran nama. A shekarar 1995 masana a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka suka yi wa rukuni biyu na mata ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu. Rukuni na farko masu jinyar 'yan'uwa ne da ke fama da cutar mantuwa, na biyu kuwa ba su da wannan nauyi. Raunin masu jinyar ya ƙara kimanin kwana 9 kafin ya rufe. Ke nan ziyarar majinyaci da ɗauke masa nauyin cefane, waɗanda al'adarmu ta hore mu da su, su ma suna cikin jinya.

A nan ne babban bambanci yake tsakanin Ngannou da ɗan damben ƙauye. Shi yana da na'urar ɗaukar hoton jijiya, da ƙwararren likitan tiyata, da kuɗin da zai zauna shekara guda bai yi wasa ba. Ɗan damben ƙauye kuwa ranar da bai naɗa hannu ko ya riƙe fartanya ba, ranar tukunya ba za ta hau wuta ba. Sau da yawa wannan ne ke mai da shi fili kafin lokaci, 'yan kallo kuma su kira shi jarumi.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ga wasu matakai da malaman wasanni da masu shirya dambe za su iya bi:

1. Duk wanda ya sha duka a kai ya nuna ɗaya daga cikin alamun da aka ambata, a fitar da shi, kada ya koma fili a ranar, kuma wani ya kwana tare da shi yana lura da shi.

2. Wanda ya suma kada a girgiza shi, kada a ɗura masa ruwa a baki, kada a ɗaga shi a lanƙwasa masa wuya. Idan yana amai a juya shi ta gefe, kai da gangar jiki tare.

3. Targaɗe yana bukatar hutu, da ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle na minti 15 zuwa 20, da sassauƙan ɗauri, da ɗaga gaɓar sama. A guji ja da murza a kwanaki biyun farko.

4. Idan ana zargin karaya a nemi hoton ƙashi, amma a sani cewa wannan hoto ba ya nuna jijiya. Mutanen Kankiya da Kusada suna iya farawa da Babban Asibitin Kankiya. Abin da ya fi ƙarfinsa akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

5. Mai jinya yana bukatar abinci mai gina jiki kamar wake, ƙwai, kifi da nama, da nono domin kalsiyam, da gwaba ko lemo domin bitamin C wanda jiki ke haɗa kolajin da shi. Taba tana jinkirta haɗewar ƙashi.

6. Kada a yi wa mutum biyu tsaga da reza ɗaya, domin ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suna bin jini.

7. A haɗa sa'a da sa'a a shekaru da nauyi, kuma a nemi ma'aikacin lafiya ya zauna a gefen fili. Garin Kankiya yana da makarantar koyon aikin lafiya, don haka masu wannan ilmi ba su da nisa.

Gwaji Biyu don Aji

Na farko, a samo ƙashin cinyar kaza guda biyu. A jiƙa ɗaya a ruwan khal mako guda, ɗayan kuma a ƙona shi a garwashi. Na cikin ruwan zai riƙa lanƙwasuwa saboda kalsiyam ya narke ya bar kolajin, ƙonannen kuwa zai farfashe saboda kolajin ya ƙone ya bar kalsiyam. Ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa ƙashi ke bukatar duka biyun.

Na biyu, a sa yankan ɗanyar awara a gwangwani mai murfi, a zuba ruwa, a rufe, a girgiza da ƙarfi sau 10, a buɗe a duba. A sake da sabon yanka, amma wannan karon a naɗe gwangwanin da tsumma mai kauri. Ɗalibai za su ga cewa tsumman ya kare gwangwani, bai kare awara ba. Haka safar hannu da hular kariya suke: suna rage tsagewar fata da karaya, amma ba sa hana ƙwaƙwalwa girgiza.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa kowane sashe na jiki yana da nasa wa'adi. Tsoka tana neman makonni, ƙashi wata 2 ko 3, dasasshiyar jijiya kusan shekara, ƙwaƙwalwa kuwa wani raunin nata ba ya gyaruwa. Ngannou ya yi kasada a daren 22 ga Janairu, 2022, ya kuma yi sa'a. Amma abin da ya ba shi damar sake tsayawa a fili shi ne watannin da ya yi yana bin umurnin likita yana koyon taka ƙafa daga farko. Wannan ce juriyar da ta cancanci ɗalibi ya kwaikwaya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma ɗan damben da ya haƙura da wasan kaka ɗaya domin hannunsa ya haɗe, shi ne zai sami damar naɗawa a kaka mai zuwa.